Kwabon Bitcoin: ƙarfe a hannu, kuɗin yana wani wuri

An san mu da abu guda a kasuwa, ba mu cinikin biri a sama. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano su yada zango a Djougou kan hanyarsu ta zuwa Salaga sayen goro, abin da hannu ya riƙe shi muke kira kuɗi, wuri ne ko azurfar Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780. Azurfa ko an narka ta, darajarta tana nan. To, wannan tsohuwar ɗabi'a tamu ita ce ke iya zame mana tarko a yau, saboda wani kwabo mai ruwan zinariya da alamar Bitcoin a jikinsa, wanda ake tallarsa birjik a intanet. Kuma kowa ya sani, hajar da ta sauka Legas ko Kwatano ba ta daɗewa ta iso Arzèkè.

Shin kwabon nan kuɗi ne? Bari mu koma asalinsa. Bitcoin dai ba shi da jiki, lissafi ne da ke rubuce a intanet, kuma mai shi shi ne wanda ke riƙe da lambar sirrin da ake kashe shi da ita. A shekarar 2011 wani Ba'amurke mai suna Mike Caldwell, mazaunin jihar Utah, ya fara ƙera kwabbai da ya raɗa wa suna Casascius. Yakan ɓoye lambar sirrin a bayan kwabon, ya manne ta da wani tambari mai walƙiya, wanda in an ɓare shi sai ya bar tabo kamar saƙar zuma. Akwai mai Bitcoin 1, akwai har mai 1,000. A watan Nuwamba na 2013 ya daina sayar da masu kuɗi a ciki, bayan hukumar FinCEN ta Amurka ta ce sana'ar tasa aika kuɗi ce, tana buƙatar rajista.

Ke nan darajar kwabon tana cikin lambar da ke ɓoye. Ranar da aka ɓare tambarin aka kwashe kuɗin, abin da ya rage ƙarfe ne, sai dai masu tara kayan tarihi su taya. Na gaskiyar kaɗan ne, a gidajen gwanjo na Amurka da Turai ake cinikinsu. A watan Disamba na 2024 farashin Bitcoin ɗaya ya haura dalar Amurka 100,000. Wane mai hankali ne zai ɗauko irin wannan dukiya ya kawo ta rumfa ya ce a ba shi jika goma ko ashirin? Waɗanda ake sayarwa da araha a shagunan intanet kayan ado ne kawai, babu ko dala a cikinsu.

Ba muna cewa duk harkar kuɗin intanet damfara ce ba. Akwai 'yan kasuwa a Nijeriya da ke biyan kaya da USDT, musamman tun faɗuwar naira a 2023. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya ta ƙarƙashin hukumar SEC. Amma a nan Benin, sefa ta bankin BCEAO ita ce kuɗin da doka ta wajabta a karɓa. Kwastan ba zai karɓi kwabon Bitcoin ba, haka mai mota, haka dillali a Malanville.

Idan ba a manta ba, a 2010 kamfanin ICC Services ya rushe da ajiyar jama'ar ƙasar nan, asarar da aka ƙiyasta ta haura sefa biliyan 150, kuma sai a 2019 kotun CRIET ta yanke hukunci. A Afrilun 2025 kuma CBEX ta yi wa 'yan Nijeriya irin wannan ta'asa. Dabarar dai ɗaya ce: a nuna maka ofis, ko rasit, ko lambobi a waya, don zuciyarka ta kwanta. Kwabo mai sheƙi ya fi su duka iya wannan aiki, domin shi har nauyi gare shi a tafin hannu.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da shugabannin kasuwa su ja kunnen jama'a. Kada a karɓi kwabon nan a biyan bashi, ko jingina, ko zubin adashi. Wanda ya ce akwai kuɗi a ciki, to ya kwashe da kansa, ya canza, ya kawo sefa a ƙirga. In ya ƙi, ya ba mu amsa ke nan. Allah Ya tsare mana jarinmu, amin.