Ku da kuka tashi a tsakiyar fim ɗin masu kaji

Jama'a, tun daren Asabar abin nan yake cina. Mun haɗu a ɗakin karatu na 'yan digiri na biyu, na ɗaura kwamfutata a majigi na saka mana Cocorico Monsieur Poulet, fim ɗin 1974 da aka yi a Nijar. Kafin a yi rabin awa rabin ɗakin ya watse. Wani abokin karatuna yana fita yana cewa wai “fim ɗin mahaukata ne, ko waƙa ɗaya babu.”

To bari in gaya muku abin da kuka bari. Mutum uku ne: Lam, yaronsa Tallou, da Damouré da ya liƙe musu. Suna da wata kwarababbiyar Citroën da suka sa wa suna Haƙuri, suka bar Yamai suka shiga daji sayen kaji su dawo su sayar. Motar ta mace, su tura. Suka gamu da aljana a hanya. Sau uku suna haye Kogin Kwara da motar, har da kwance ta gunduwa-gunduwa. Kogin nan fa shi ne dai wanda ya gangaro ta Yauri, nan kusa da mu.

Bafaranshe Jean Rouch ne ya riƙe kyamara, amma su ukun da shi da Damouré da Lam suka haɗa farkon sunayensu suka sa hannu da suna ɗaya, Dalarou. Yawancin maganganun a wurin ɗauka suka ƙirƙiro su. Rouch ɗin ma a hanyar Birnin Ƙonni ya rasu, hatsarin mota, 2004.

Abin da ya ba ni haushi shi ne kalmar “mahaukata”. Wallahi waɗannan mutanen mun san su. Su ne masu ɗaure kejin kaji a bayan babur suna shigowa Kontagora ranar kasuwa, taya ta fashe su ɗinke, su ci gaba. Mu kuwa da muke musu dariya, me muke yi? Shekara biyu muna bin malami da babi na uku a hannu, muna jiran takardar ɗaukar aiki da ba mu san ranar zuwanta ba. Kowa ya ƙi ya ce komai don kada a ce ya fita daga layi.

Kullum muna kukan finafinanmu sun zama falo ɗaya, Alhaji ɗaya, budurwa biyu. Sai ga labarin talakan Sahel da ya sa ƙafa ya fita, an yi shi da kuɗi ƙalilan, kuma mu ne muka fara guduwa. Na yarda yana da jan lokaci, Faransancin ma yana gajiyarwa idan ana bin fassara. Amma kun iya zama awa uku kan fim ɗin Indiya ba ku ce uffan ba.

Asabar mai zuwa zan saka Jaguar, su Damouré ɗin dai, wannan karon sun nufi Gana neman kuɗi. Wanda zai zo ya taimaka da kuɗin man janareta.