Baƙuwar Da Ake Tarba Da Wuta

Da zarar hunturu ya kankama, mangwaro ya fara fure, ɗorawa kuma ta soma fid da tutu, akwai wani abu da kan faru a unguwannin garuruwan ƙasar nan wanda ba ya shiga jarida sai fa in an yi rashin sa'a. Da hantsi ko da azahar sai a ji wani irin gunji a sama kamar na injin niƙa daga nesa, kafin a ankara sararin tsakar gida ya cika da ƙudan zuma. Mata su kwashi yara su faɗa ɗaka, a rufe ƙofa da taga. Jim kaɗan sai a ji tsit. Wanda ya yi ƙarfin halin leƙowa sai ya ga wani baƙin curi kamar tulu yana reto a reshen gwaiba, ko a jikin shingen furannin da maigida ya sha wahalar renonsu. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. A aiki yaro ya sayo kananzir, a ɗaura tsumma a bakin gora, a jira magariba. Gari na wayewa ga tulin gawar zuma a ƙasa, ga reshe ya ƙone, maigida kuwa yana ta murna wai ya kau da bala'i.

Alhali kuwa da ya san abin da ya sauka a gidansa, da bai yi saurin neman ashana ba. Wannan curi ba rundunar yaƙi ba ce, masu ƙaura ne suka yada zango. Idan abinci ya yawaita a daji, amya takan cika maƙil da ma'aikata har wuri ya yi musu kaɗan, sai su shiga shirin rabuwa biyu. Sukan gina wasu ɗakuna na musamman a gefen saƙa inda za a reni sabuwar sarauniya, wadda kan ɗauki kwana 16 daga ƙwai zuwa fitowa. Ita kuwa tsohuwar, wadda a lokacin wadata takan iya saka ƙwai fiye da 1,000 a yini guda, sai su rage mata abinci don ta yi sauƙin tashi. Kafin sabuwar ta fito, tsohuwar sai ta bar mata gidan, ta fita da kimanin rabin jama'a ko fiye, kowa ya cika cikinsa da zuma domin guzuri. Watau dai uwa ce ke barin gida ga 'yarta, ba 'yar ce ake kai wa ɗaki ba.

Af, a ƙasar Hausa an saba cewa "sarkin zuma". Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zato ba, Turawa ma sarki suka riƙa ce mata shekaru aru-aru, har sai da wani limamin coci a Ingila, Charles Butler, ya fitar da littafinsa a 1609 yana mai nuna cewa mace ce ke riƙe da amya.

To, me ya sa ake cewa wannan curi bai kai zumar cikin amya haɗari ba? Dalili shi ne zuma ba ta harbi don nishaɗi, gama wadda ta harbi mutum ƙarinta kan maƙale a fatarsa, ita kuma ta mutu. Tana harbi ne don kare 'ya'ya da rumbun abinci. Masu ƙaura kuwa ba su da ko ɗaya, ga ciki a cike, ga hankali ya tafi wajen neman masauki. Sai dai kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin izinin kai hannu. Zumar Afirka ta Yamma ba ta da haƙurin ta Turai, kuma curin da ya kwana biyu guzuri ya ƙare yakan yi saurin fushi. Dutse ɗaya daga hannun yaro ya isa ya mai da zango fagen fama.

Abin da ke gudana a jikin curin nan, wanda mai kananzir ba ya tsayawa ya gani, yana cikin abubuwan ban mamaki na halitta. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, shi ya gano cewa ƙudan zuma na faɗa wa 'yan'uwansa inda abinci yake ta hanyar wata irin rawa: inda ya fuskanta yana nuna shiyya gwargwadon inda rana take, tsawon rawar kuma yana nuna nisa. Wannan aiki ne ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1973. Almajirinsa Martin Lindauer ya lura cewa masu ƙaura ma suna wannan rawa a jikin curi, amma ba labarin fure suke bayarwa ba, labarin gida ne. A farkon shekarun 1950 ya riƙa karanta rawar, sa'an nan ya bi taron da gudu ta cikin titunan birnin Munich, wanda a lokacin bai gama farfaɗowa daga rushe-rushen yaƙi ba, don ya ga ko inda suka faɗa nan suka nufa. Nan ɗin kuwa suke zuwa. Daga baya wani Ba'amurke, Thomas Seeley na Jami'ar Cornell, ya ƙarasa bayanin. 'Yan leƙen asiri 'yan ɗaruruwa ne ke fita, kowa ya dudduba kogon itace ko ramin bango, ya shiga ya zagaya cikinsa, ya dawo ya yi rawa. Wanda ya ga wuri mai kyau ya daɗe yana rawa, wanda ya ga na dama-dama ya yi kaɗan ya bari. A hankali masu goyon bayan wuri ɗaya su rinjaya, sai kowa ya tashi lokaci guda. Sarauniya ba ta da ta cewa a wannan shawara, bin jama'a kawai take yi. Galibi daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu ko uku an gama, reshen gwaiba ya koma wayam kamar ba a taɓa sauka a kansa ba.

A nan ne kuma damuwar maigida ke da tushe, ba za a ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Kogon kuka da na kirya da zuma ta saba shiga sun yi ƙaranci a kewayen gari, masu gawayi da masu yanka filaye sun gama da su. Ɗan leƙen asirin da ya rasa kogo, abin da zai gani shi ne silin ɗaki, ko tsohon akwati a bayan gida, ko ramin bulo. In kuwa suka shiga silin suka yi saƙa suka fara 'ya'ya, magana ta sake. Saboda haka barin curi kawai ba shi ne dukan dabara ba. Abin da ya fi shi ne a nemo mai kiwon zuma tun ranar. Da wuya a rasa shi, in an tambayi masu sayar da zuma a kasuwa za su nuna. Shi abin nema ne ya samu, domin taron da wani zai ƙone, shi wata da watanni yake rataye amya a kan ɗorawa yana jiransa. Da yamma zai zo da amya ko akwati, ya tara a ƙarƙashin reshe, ya girgiza sau ɗaya da ƙarfi. Muddin sarauniya ta faɗa ciki, sauran za su bi ta da kansu.

Sai batu na biyu. Akwai masu lambun furanni a gida, musamman ma'aikata da 'yan fansho, waɗanda da zarar sun ga haka sai sha'awa ta kama su: ga fure ga zuma, me zai hana a ajiye akwati ɗaya a bayan ɗaki? Akwatunan zamani kuwa sun sauƙaƙa abin. Tun 1852 Lorenzo Langstroth na Amurka ya yi rajistar akwatinsa mai allunan da ake zarowa ɗaya-ɗaya, sa'an nan ga irin na Kenya mai sanduna a sama, wanda kowane kafinta zai iya haɗawa. Da su ana ɗiban zuma da hayaƙi kaɗan, ba a ƙone ma'aikata ba, ba a lalata 'ya'ya ba, zumar kuma ba ta ƙaurin wuta.

Amma a tsaya a yi lissafi. An ƙiyasta cewa sai zuma ta ziyarci fure wajen miliyan 2 kafin ta tara laba ɗaya. Furannin tsakar gida, kome kyansu, ba za su ci da amya ba, balle da yawa daga cikin na adon da ake sayarwa a bakin titi an zaɓe su ne don ido, ba su da wani abin kirki da zuma za ta ɗiba. Abincinta na ainihi yana kan itatuwa: ɗorawa, kaɗanya, gawo, mangwaro, darbejiya, rimi, kuma takan yi tafiyar kilomita 2 ko 3 nemansa. Mai son ya taimaka mata daga gidansa gara ya shuka zogale da lemo da gwaiba da ɗoɗɗoya da kabewa, ya samu na miya, ita ma ta samu nata, kuma 'ya'yan itatuwan su fi kamawa saboda ita ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. In ya zama dole a yi feshin maganin ƙwari, a bari sai yamma ta yi liƙis zuma ta koma gida, kada a fesa wa shuka tana tsakar fure.

Babban abin dubawa shi ne maƙwabci. An ce kowa ya sha zuma ya sha harbi, to, amma wanda bai sha ba fa? A cikin bazara zuma takan cika bakin randa da famfon maƙwabta tana neman ruwa. Rugugin janareta yana tayar mata da hankali, haka ƙamshin turare mai ƙarfi. Akuyar da ke ɗaure a turke ba ta da hanyar gudu, jariri a goye ma haka, kuma akwai mutanen da harbi ɗaya tak ke toshe musu numfashi, sai an ruga da su asibiti.

Mutanen Brazil sun koyi wannan darasi da tsada. A 1956 wani masani, Warwick Kerr, ya kai musu zumar Afirka don a haɗa iri da ta Turai wadda ba ta jure zafin ƙasarsu. A 1957 sarauniya 26 suka kuɓuce da jama'arsu a jihar Sao Paulo, zuriyarsu ta yi ta rabuwa tana yaɗuwa arewa har ta isa Texas ta Amurka a 1990. Da fari masu kiwo da yawa sun bar sana'ar saboda harbi. Waɗanda suka tsaya sai suka sake tsari, suka janye akwatuna nesa da gidaje da dabbobi, suka ƙara kayan kariya da hayaƙi, zuma kuwa ta zo musu fiye da da. Irin da aka kai can daga gabashi da kudancin Afirka aka ɗauko shi, amma 'yar'uwarsa ta nan ba ta fi shi sanyin hali ba.

Saboda haka wanda gidansa ke cikin lungu, bango a jikin bango, ya haƙura da akwati, ya kai shi gona. Mai fili a bayan gari, wanda ya shawarci maƙwabtansa suka amince, ya kewaye wurin da shinge ko zana mai tsawon mita 2 don zuma ta riƙa tashi sama da kan mutane, ya juya bakin akwatin daga hanyar wucewa, ya ajiye mata kaskon ruwa da 'yan tsakuwa a ciki tun kafin ta saba da randar wani. Ya kuma rataye akwati na biyu, fanko, wanda aka goga wa kakin zuma a ciki, a kan wata bishiya can gefe, domin ranar da amyarsa za ta rabu, 'yan leƙen asiri su tarar da shi kafin su tarar da silin maƙwabci.