Sharhi: Bayan rangwamen wankin ƙoda, saura batun abin da majinyaci zai ci

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jabi a Abuja, da Asibitin Koyarwa na Ibadan. Matakin ya sauƙaƙa wa iyalai da dama. Sai dai ko a sabon farashin, majinyacin da ake wa wanki sau uku a mako, kamar yadda likitoci suka fi so, zai kashe Naira 36,000 duk mako, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000 a wata.

Wannan lissafi ne ya sa duk abin da zai jinkirta kai mutum ga na'urar wanki yake da daraja. Bayan shawo kan hawan jini da ciwon sukari, waɗanda ke cikin manyan musabbaban ciwon ƙoda a Najeriya, abinci ne ke biye, musamman furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama, kifi, ƙwai, madara da wake.

Idan jiki ya sarrafa furotin, yakan bar dattin da ƙoda ce ke tace shi ta fitar a fitsari. Ƙodar da ta raunana ba ta iya kwashe shi duka, sai ya taru a jini, ya kawo tashin zuciya, kasala da rashin son abinci. Daga nan ne shawarar da ta yaɗu a gidaje ta samo asali, cewa mai ciwon ƙoda ya daina cin nama kwata-kwata. Shawarar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta har ta wuce inda ilimin likitanci ya tsaya.

Ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararru ta duniya, KDIGO, ta fitar a 2024 sun ba da shawarar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana ga babban mutum da ciwonsa ya kai mataki na uku zuwa na biyar, matuƙar bai fara wanki ba, tare da gargaɗin kada a haura giram 1.3. Ga mai nauyin kilo 60, hakan na nufin giram 48 a rana. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kimanin giram 6, giram 100 na dafaffen nama kuma kusan 25 ko fiye, sannan tuwo, fura da shinkafa su ma suna da nasu kason. Ke nan ƙayyadewa ake nufi, kuma a gidajen da nama ba ya shiga tukunya sai jefi-jefi, mai yiwuwa majinyacin bai ma kai wannan adadi ba. Hana irin wannan mutum ɗan abin da yake samu tura shi ne ga rama.

Da zarar an fara wanki kuwa, lissafin yakan juya. Na'urar tana ɗebe wani kaso na sinadaran gina jiki tare da dattin, don haka ƙa'idojin Gidauniyar Ƙoda ta Amurka na 2020 suka ɗaga adadin zuwa giram 1.0 zuwa 1.2 a kan kowane kilo, wato giram 60 zuwa 72 ga wancan mai kilo 60. Majinyacin da ya ci gaba da bin tsohon hani bayan ya hau na'ura yana zubar da tsokar jikinsa ne, kuma rama na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwa ga masu wanki. Yanzu da rangwamen zai ƙara yawan masu zuwa wanki, wannan bambanci ya zama abin da ya kamata a riƙa faɗa wa kowane majinyaci tun ranar farko.

Sai batun irin furotin ɗin. An daɗe ana tsoratar da masu ciwon ƙoda da wake saboda sinadaran fosforas da fotasiyam da ke cikinsa. Fahimtar ta sauya. Fosforas ɗin da ke cikin wake, waken suya da gyaɗa a ɗaure yake ta yadda hanji ba ya tsotse ko rabinsa, alhali wanda ake ƙarawa a abincin gwangwani, naman da aka sarrafa a masana'anta da wasu lemukan kwalba kusan duka yake shiga jini. Furotin na tsirrai kuma bai kai na nama ɗora wa ƙoda nauyin asid ba. Wannan labari ne mai daɗi ga aljihu, domin alale, dafaffen wake da awara sun fi tsokar nama araha nesa ba kusa ba. Fotasiyam ɗin dai yana nan, kuma idan ya yi yawa a jini yakan rikita bugun zuciya. Jiƙa wake, tafasa shi da zubar da ruwan farko na rage shi, amma gwajin jini ne kaɗai ke nuna wanda zai ci a sake da wanda zai taƙaita.

Sau da yawa matsalar tana cikin abin da ya raka furotin ɗin. Kilishi, tsire da bandar kifi suna zuwa da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali abin da ake so shi ne kada gishirin yini ya wuce giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Kanwar da ake jefawa a tukunyar wake ko a kwaɓin ɗanwake don a samu laushi tana cike da sodiyam, sinadarin da ake gudu a gishiri. Farin ƙwai, ɗanyen kifi da kaza da aka dafa a gida sun fi dacewa da mai wanki, nono da kindirmo kuma a sha da awo saboda fosforas.

Duk wannan aiki ne na masanin tsarin abinci, wanda zai duba nauyin majinyaci da sakamakon gwajinsa, ya fassara giram zuwa ludayi da gwangwanin awo. Irin waɗannan ma'aikata sun fi samuwa a asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin tarayya, kuma yawancin takardun jagorar abinci da ke yawo a intanet an tsara su ne bisa cimar Turawa. A watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurinsa kan lafiyar ƙoda, wanda ya nemi ƙasashe su ƙarfafa rigakafi da gano ciwon da wuri. Ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, mataki mai sauƙin kuɗi shi ne ta sanya ganawa da masanin abinci cikin tsarin rangwamen, ta kuma wallafa jadawalin cimar gida da Hausa, Yarbanci da Igbo, mai nuna furotin nawa ke cikin ƙullin alale ɗaya, da yankan awara, da ludayin wake.