BARIN GIDA DON NEMAN ARZIKI: MU YI LISSAFI KAFIN MU ƊAURA KAYA

 Ya 'yan'uwa, akwai wata tambaya da ta yawaita a majalisunmu, a ƙofar masallatai bayan sallar Isha'i, da kuma bakin matasanmu da suka gama karatu suka rasa abin yi. Tambayar ita ce: shin barin ƙasa a koma wata ƙasar neman arziki yana biyan wahalarsa kuwa? Mun ga ya wajaba mu faɗi abin da muka fahimta a kan wannan al'amari, domin kuwa rayuka ake sakawa a cikinsa, da mutunci, da gonakin gado.

Da farko dai, ba mu daga cikin masu cewa tafiya aibu ce. Sahabban farko sun ƙetare teku zuwa Habasha sa'ad da zaman Makka ya gagare su, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya tashi daga Degel zuwa Gudu a shekarar 1804. Ta fuskar neman abinci ma, kakanninmu matafiya ne. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta kai-komo tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da goro. Zangunan Kumasi da Ankara da ake jin Hausa a cikinsu har yau, tafiya ce ta haife su. Saboda haka duk wanda ya ce Bahaushe ya zauna wuri ɗaya har ya mutu, bai san tarihinsa ba.

To amma mu dubi yadda waɗancan bayin Allah suke tafiya. Falke ba ya tashi sai da jari a hannunsa. Ba ya tafiya shi kaɗai, sai cikin ayari, ƙarƙashin madugu wanda ya san hanya da rijiyoyinta da sarakunan da za a biya fito. In ya isa, akwai mai masauki da ya san shi, wanda zai tsaya masa in rigima ta taso. Sannan tun ranar da ya bar gida ya san watan da yake sa ran komowa. Jari, sanin hanya, mai masauki, da ranar komowa: waɗannan abubuwa huɗu su ne suka sa fatauci ya zama arziki. Yanzu sai mu tambayi kanmu, nawa ne daga cikin huɗun nan yaron da ya sayar da babur ɗinsa ya nufi Agadas yake riƙe da su?

Bari mu ɗauki hanyar Sahara, domin ita ce ta fi cin mutanenmu. A watan Oktoba na shekarar 2013, motoci biyu da suka tashi daga Arlit suka nufi Tamanrasat ta Aljeriya sun lalace a tsakiyar hamada. Da aka bi sawu, gawa 92 aka tsinta, duk ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanen Kance ne ta jihar Damagaram, wato 'yan'uwanmu na jini da harshe da addini. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya fi ciwo shi ne, da yawa daga masu bin wannan hanya da ƙananan yara, bara suke zuwa yi a titunan biranen Aljeriya. Uwa ta ɗauki 'ya'yanta ta ratsa hamada da su domin su miƙa hannu ga baƙin ido!

Wanda ya tsira daga ƙishirwa kuma, bai gama tsira ba. Tun daga 2014 hukumomin Aljeriya suke kwaso 'yan Nijar a manyan motoci suna maido su gida. Wasu baƙin kuwa, a kan iyaka ake zubar da su cikin rairayi, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa kafin su iso Asamaka. Wanda ya bi ta Libiya, shi ma ga abin da ke jiransa. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 ƙasar ta shiga hannun ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, baƙin fata suka zama abin farauta, ana tsare su a gidaje ana dukansu, ana buga wa iyayensu waya su ji kukansu domin su aiko da kuɗin fansa. A Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton da ake gwanjon mutane a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400. Ɗa mai 'yanci, wanda uwarsa ta yi masa addu'a ranar tafiya, ya zama haja, wal'iyazu billahi.

Wani zai ce ai doka za ta iya hana wannan. An gwada. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Abin da ya biyo baya shi ne masu safarar suka kauce wa sananniyar hanya mai rijiyoyi suka koma bin lunguna, kuɗin mota ya ƙaru, haɗari ya ƙaru. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Wannan ya nuna mana cewa shinge a kan hanya ba ya tsayar da wanda ya riga ya yanke shawara tun daga gida. Saboda haka a gida ya kamata a yi maganar, tun kafin a ɗaura kaya.

Akwai kuma darasi na biyu da tarihi yake ta maimaita mana, mu kuwa muna ta mantawa: baƙo raɓa ne. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanenmu da suka shekara da shekaru a can, wasu ma can aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna suka hau akori-kura. Kada kuma mu ɗauka mu tsarkaka ne, domin a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, galibinsu 'yan Gana. A Nuwamban 2013 Saudiyya ta shiga kamen marasa iƙama bayan wa'adin afuwa ya ƙare, aka cika jirage da su. Hatta Hausawan Sudan, waɗanda kakannin wasunsu suka isa can bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, a Yulin 2022 an zubar da jininsu a jihar Bulu Nayil a kan maganar ƙasa da sarauta, ana ce musu baƙi bayan fiye da shekara ɗari. In haka ta sami wanda ya yi jikoki a wuri, ina ga wanda ya shiga jiya ta ɓarauniyar hanya?

Dole ne kuma mu taɓo wani ciwo da muke jin nauyin faɗinsa, wato masu fakewa da Umra ko Hajji su maƙale a ƙasa mai tsarki. Mutum ya karɓi biza a kan alkawarin zai yi ibada ya komo, alhali kuwa tun daga gida ya ƙudurta saɓa wannan alkawari. Daga nan rayuwarsa ta zama ta ɓuya: ba ya iya zuwa asibiti da gaba gaɗi, in an cuce shi a wurin aiki ba shi da inda zai kai ƙara, 'ya'yan da ya haifa a can kuma su tashi ba takardar can ba ta nan. Matan da dillalai suke kwasa aikatau a gidaje su suka fi shiga uku, domin sau da yawa fasfonsu yana hannun wani, ƙofar gidan ma ba su da ikon buɗewa. Neman albarkar Harami ba ya halatta yaudara, kuma kusanci da Ka'aba ba ya mayar da ƙarya gaskiya.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai waɗanda tafiya ta yi musu rana. Ɗalibai sun je Madina da Azhar da Ingila sun komo da ilmin da muke amfana da shi. Likitoci da injiniyoyi suna aiki a ƙasashen waje da takardunsu, suna riƙe da iyaye da marayu a gida. 'Yan kasuwarmu suna zuwa Dubai da Sin su saro kaya su komo. Amma ku duba da kyau, za ku ga duk waɗannan suna riƙe da abubuwa huɗun nan na fatake: ilmi ko sana'a ko jari, halattacciyar hanya, wanda ya san da zuwansu, da ikon komowa ranar da suka ga dama. Ko su ɗin ma akwai farashin da suke biya wanda ba a rubuta shi a takardar albashi. Mahaifiya takan rasu ba su sami jana'iza ba, mace takan shekara biyar tana jiran miji, yara sukan tashi ba su iya gaida kakarsu da harshenta ba.

Abin da yake ruɗin matasanmu shi ne lissafin da ake yi rabi da rabi. Ana ganin wanda ya komo da mota da agogon zinariya, ba a ganin waɗanda suka tafi tare da shi. Wanda ya komo hannu rabbana kunya takan hana shi magana, wanda yake tsare ba shi da waya, wanda rairayi ya rufe kuwa ba shi da baki. Hotunan da ake aikowa ta Facebook ba sa nuna ɗakin da mutum goma suke kwana a ciki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai son ya yi lissafi na gaskiya sai ya haɗa kuɗin gonar da aka sayar, da bashin da aka ci, da shekarun ƙuruciya da za su tafi, da haɗarin rai, sannan ya tambayi kansa: da na zuba wannan kuɗi da wannan wahala a noman rani ko kiwo ko koyon sana'a, ina zan kai a shekara biyar?

Ba za mu ɗora wa matasa laifin duka ba. Ba wanda yake barin uwarsa ya shiga hamada don nishaɗi. Fari da tsadar abinci da rashin tsaro da rashin aikin yi su suke kora, kuma shugabannin da suka bar ƙasa ta zama haka za su amsa tambaya gobe ƙiyama. Mawadatanmu da suke raba zakka naira kaɗan-kaɗan a layi, da sun tara ta sun ba mutum ɗaya jarin da zai tsaya da ƙafafunsa, da an rage masu tafiya. Iyayen da suke yi wa ɗansu gori da ɗan maƙwabci da ya aiko da kuɗi, su sani suna tura shi ne inda ba su sani ba. Malamai kuma, wajibi ne su fito fili a kan mumbari su kira dillalan mutane da sunan da ya dace da su, ko da kuwa suna sahun gaba a masallaci.

Matsayinmu ke nan a taƙaice. Wanda zalunci ko yaƙi ya kora, ya tsira da ransa da addininsa, ƙasar Allah mai faɗi ce, kuma haƙƙi ne a kanmu mu karɓe shi in ya zo mana. Wanda yake da ilmi ko sana'a, ya sami halattacciyar hanya, iyayensa suka yarda, ya tanadi haƙƙin iyalinsa, ya tabbata zai iya tsayar da addininsa a inda za shi, to ya yi istihara ya tafi, Allah Ya ba da sa'a. Amma wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai labarin wani da alkawarin dillali, muna yi masa nasiha don Allah ya zauna. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muna kuma kira ga kowane reshe da ya nemi waɗanda suka komo daga irin wannan tafiya, a mutunta su, a ba su dama su gaya wa ƙannensu abin da idonsu ya gani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya kuɓutar da waɗanda suke tsare, Ya sanya albarka a ƙasashenmu.