Idon Da Ya Dushe Ba Tare Da Ciwo Ba

Yau filinmu zai yi magana ne a kan wani ciwon ido wanda ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya kawo kwantsa, amma kuwa yana iya raba mutum da ganinsa.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne labarin wata dattijuwa a Sanyinna, cikin ƙasar Tambuwal, wadda ba ta wuce shekara 55 ba. Ta kwanta lafiya lau, da asuba ta tashi ta ga kamar hazo ya rufe mata idon hagu. Ta wanke fuska, ta sa kwalli, hazo yana nan. Da yake idon dama garau yake, kuma ba ta jin zafin kome, sai ta ce ai tsufa ne, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Bayan kamar wata uku idon ya yi ja wur, ciwo ya hana ta barci, sa'an nan fa aka kama hanyar Sakkwato. Likita ya duba ya ce jijiyar jinin idon ce ta toshe tun wancan asubahin, kuma hawan jini ne ya jawo. Wannan ido ya riga ya tafi. Abin da ya rage shi ne a kashe mata ciwon, a kuma tsare ɗayan.

Bari mu bayyana yadda abin yake. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi, wanda shi ne yake karɓar hoton duk abin da muka kalla ya aika wa ƙwaƙwalwa. Wannan tantani da jini yake rayuwa. Akwai jijiyoyin da suke kawo masa jini, akwai kuma waɗanda suke kwashe jinin su mayar. Kowace mace ta san abin da yake faruwa da damina idan magudanar gida ta toshe: ruwa yana ta sauka, ba hanyar fita, sai ya kwanta a tsakar gida har ya shiga ɗaka. To haka yake a cikin ido. Idan jijiyar da take kwashe jini ta toshe, sai jini da ruwa su tsattsafo su kwanta a kan tantanin, ya kumbura, gani ya dushe. In ƙaramin reshe ne ya toshe, wani sashe na gani ne kawai zai yi duhu, ko sama ko ƙasa. In kuwa babbar jijiyar ce, idon duka ne zai yi hazo.

Me yake toshe ta? Mafi yawan lokaci hawan jini ne. Jijiyar da take kawo jini da wadda take kwashewa suna haye juna a cikin ido. Idan hawan jini ya daɗe a jiki, sai mai kawowar ta yi tauri ta danne 'yar uwarta, jini ya riƙa tafiya da ƙyar har ya daskare. Ciwon suga da yawan kitse a jini da ciwon nan na hawan ruwan ido, watau gilakoma, su ma suna taimakawa. Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, maza da mata, ko da yake yakan faɗa wa masu ƙananan shekaru jefi-jefi. A shekarar 2010 masana sun ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 16 ne suke da shi a duniya. A cikin cututtukan jijiyoyin jinin bayan ido, ɓarnar ciwon suga ce kaɗai ta fi shi yawa.

Abin da ya sa muka kawo zancen a filin mata kuwa, hawan jini ya daɗe yana yi mana ɓarna a ɓoye. Sau da yawa mace ba a auna jininta sai tana da ciki, in ma ta je awo ke nan. Da ta daina haihuwa, shi ke nan ita da ma'auni. Ga gishiri da dunƙule a miya kullum, ga kunun kanwa lokacin jego, wanda tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yana da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙule. Kowacce ta auna tukunyarta da wannan ta gani.

Wani abin takaici kuma, mu mata mun iya haƙuri da ciwo fiye da kima. In yaro ya yi zazzaɓi a guje za mu fita, amma in idonmu ya dushe sai mu yi shiru, don kada a ce mun cika ƙorafi, ko don tausayin aljihun maigida. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce iska ce ta buge ta. Daga nan sai a shiga ɗige-ɗige: ruwan ganye, ruwan suga, maganin ɗigawa na 'yan talla a kasuwa. Ku sani, ɓarnar tana can bayan ido, inda waɗannan abubuwa ba sa kaiwa, sai dai su ƙone gaban idon su ƙara wani ciwon a kan wani. Haka kuma kada a yarda da masu yawo gari-gari suna soka tsinke a ido da sunan kawar da yana. Wannan ciwo ba yana ba ce, kuma ko mai yanar ma sau da yawa makanta wannan aiki yake jawo masa.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa mutum fiye da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Yana ce kan gaba, gilakoma na biye. Toshewar jijiya ba ta kai su yawa ba, amma duka ukun suna iya zuwa da dushewar gani ba tare da ciwo ba, kuma ba mai iya rarrabe su da ido sai likita ya ɗiga magani ya leƙa ciki da na'ura.

Magani fa? Gaskiya ita ce likita ba ya iya buɗe jijiyar da ta toshe. Amma yana iya rage kumburin, gani ya ƙaru. Akwai allurar da ake yi a cikin ido bayan an kashe zafin wurin, irin su Avastin da Lucentis, da farko kusan kowane wata. Akwai kuma ƙuna da hasken leza, wanda yake hana waɗansu miyagun jijiyoyi tsirowa. Waɗannan jijiyoyi su ne suke toshe mafitar ruwan ido bayan kamar wata uku, su kawo azabar da ta sami dattijuwar Sanyinna. Maganin yana da tsada, kuma yana son zirga-zirga, amma yana aiki sosai ga wanda ya zo da wuri. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano. Sa'an nan ku tuna, hawan jinin da ya toshe jijiyar ido shi ne yake kawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda idonsa ya yi haka, gargaɗi ne ya samu, lalle ya riƙe maganin hawan jini da na suga ba fashi.

Saboda haka ga shawararmu. Kowace mace da ta kai shekara 40 ta riƙa zuwa ɗakin shan magani mafi kusa ana auna jininta, ko da ba ta jin kome. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake ya maimaita, to a nemi magani. Sau ɗaya a mako, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu ki dubi bakin ƙofa ko layin tabarma, sa'an nan ki rufe ɗayan. In kin ga hazo, ko duhu a wani gefe, ko miƙaƙƙen abu ya karkace, kada ki jira bayan girbi ko bayan biki. In kuwa ganin ido ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya farat ɗaya, ranar nan za a tafi asibiti.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aikinku ne. Ku karanta wa Inna da Goggo da Kaka wannan shafi, ku gwada musu rufe ido ɗaya. In kun lura Inna ta fara karkata kai wajen zura zare a allura, ko tana zuba ruwa a gefen kofi, ku gaya wa Baba cikin ladabi. Mazajenmu ma muna roƙonsu, kada su hana izini ko kuɗin mota don idon bai yi ja ba. Hukuma kuwa, kamata ya yi ta tabbatar kowane ɗakin shan magani a ƙasar Tambuwal da Kebbe yana da ma'aunin jini mai aiki, da malamin asibitin da zai tura irin wannan ciwo gaba ba tare da jinkiri ba.

Hausawa sun ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Mu da Allah ya bar mana biyu, godiyarmu ita ce mu kula da su. Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa, amin.