Sanarwar Bayan Taron Mata Ma'aikata da Masu Sana'a na Kankiya da Kusada kan Riƙon Kuɗi



Mu mata ma'aikata da masu sana'a na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, teloli da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mun zauna a garin Kankiya ranar Asabar, tun hantsi har la'asar, kan tambaya guda: ina kuɗinmu ke tafiya?

Kowa ta yarda cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kasuwa ta yi zafi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kamo farashin masara ba. Wannan ba mu daɗe a kansa ba, don ba a hannunmu yake ba.

Abin da ya tsayar da taron shi ne katin ATM. Wata malamar firamare ta miƙe ta ce wata takwas ke nan katinta yana aljihun mai POS, jinginar bashin da ta ci lokacin bikin ƙanwarta. Ita dai sai ta ji saƙon shigar albashi a waya. Kafin ta ɗauki mayafi ya riga ya cire nasa, kuma har yau ba ta san nawa ya rage a kanta ba. Da Shugaba ta ce duk wadda wani ya san lambar sirrinta ta ɗaga hannu, sai ɗakin ya yi tsit, sannan hannaye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka taron ya yanke shawarar kowace mamba ta karɓo katinta, ta canja lambar sirri, ta daina faɗa wa kowa lambar BVN ta waya. Ɓoye lambar sirri ko ga maigida ba raina shi ba ne. A Musulunci dukiyar mace tata ce, taimakon gida kuwa da yardar rai ya fi albarka.

Adashi ba za mu bari ba, shi ya saya wa da yawanmu keken ɗinki. Amma mun ji labarin uwar adashi da Allah Ya yi wa rasuwa, lissafin zubi duk yana kanta, aka bar 'yan adashi da magada suna ta rantse-rantse. Daga yau kowane zubi da kwasa a rubuta shi a littafi gaban shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take.

An tunatar da masu tsoron ajiya a banki cewa tun 2024 hukumar NDIC ke lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya durƙushe, miliyan 2 kuma a ƙananan bankuna. Masu gudun kuɗin ruwa akwai Jaiz da TAJBank. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi cikin wata guda, ki tuna yadda MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025 suka durƙushe da kuɗin jama'a. A fara bincika ko yana da rajista da hukumar SEC.

Taron yana kira ga masu biyan albashi su riƙa ba kowace ma'aikaciya takardar da ke nuna abin da aka cire mata da dalilinsa. Yana kuma roƙon bankuna su horar da wakilai mata a ƙauyuka, musamman ɓangaren Kusada, inda mambobi suka koka da nisan tafiya, da limamai su taɓo haƙƙin dukiyar mace a huɗuba.

Zama na gaba a Kusada za a yi. Kowace ta zo da littafi da biro, da lissafin abin da ta kashe a wata guda, har kuɗin magi.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatariya