Kira ga Shugabannin Lafiya na Jihar Kano Daga Karkarar Arewa

Mai girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf. Mai girma Kwamishinan Lafiya. Shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko. Shugabannin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya da Hukumar Samar da Magunguna.

Tun 2023 da aka damƙa waɗannan hukumomi a hannun sababbin shugabanni muke jin batun gyara, kuma mun yi murna. Mu mazauna Dambatta da Makoda da Bichi da Tsanyawa da Bagwai da Dawakin Tofa, ƙasarmu a cike take; ƙauye na kallon ƙauye, gona na jingine da gona. Asibiti ɗaya mai aiki sosai zai wadatar da dubban mutane da za su iso shi da ƙafa. Shi ya sa muke ganin gyara a nan ba zai yi tsada kamar yadda ake zato ba.

Kukanmu na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne dare. Tun 2001 jihar nan ta fara kula da masu juna biyu kyauta, amma naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. A ƙauyuka da yawa ma'aikaciya daga birni take zuwa, kafin magariba ta koma. Idan jini ya ɓalle wa mace bayan isha'i, sai maigida ya shiga neman mai babur ko mai a-kori-kura, a kama hanyar babban asibiti, wani lokaci har Asibitin Murtala a cikin birni. Mace nawa aka rasa a kan wannan hanya? Ba ma zargin ma'aikaciyar. Ba za a ce wa 'yar mutane ta kwana inda babu ɗaki, babu ruwa, babu wuta ba. Roƙonmu, ranku ya daɗe, a gina wa ungozoma masauki a harabar asibiti, da fitilar sola da mai gadi. Makarantar ungozoma ma a Dambatta take, a tsakiyarmu. A ware wa 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi gurabe, da sharaɗin kowace ta dawo mazaɓarsu ta yi aiki. Wadda iyayenta ke garin ba ta ƙosawa ta tafi, kuma matanmu sun fi sakin jiki da wadda suka sani.

Na biyu, kuɗin asusun kiwon lafiya na matakin farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, domin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa ya riƙa samun kasonsa kai tsaye. Kano na da mazaɓu 484. Talaka bai san ranar da kuɗin ke shigowa ba, balle abin da aka saya da su. Muna roƙon a umarci kowane asibiti ya liƙa lissafinsa a bango da Hausa, a kuma karanta shi gaban dagaci da liman da kwamitin mazaɓa. Wannan umarni kawai yake buƙata daga ofishinku.

Na uku, magani yakan zo a makare. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna taruwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanya kuma ta lalace. A kai magani da abincin yara masu tamowa tun kafin ruwa ya zauna, a tanadi maganin sarar maciji kafin kaka.

Na huɗu, tsarin taimakekeniya an ɗinka shi ne daidai da mai albashi, wanda ake cira masa duk wata. Manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi, bayan ya kai gero da wake da gyaɗa kasuwa. A ba shi damar biyan na shekara da kaka, a kafa teburin rajista ranar kasuwa, har da Dawanau inda amfanin gonarmu ke ƙarewa.

Sai rigakafi. Mashaƙon da ya ɓarke a 2023 Kano ya fi yi wa ɓarna, kuma yawancin yaran da ya kama ba su sami cikakkiyar allura ba. Jihar da ta yi bankwana da ainihin ƙwayar shan inna tun 2014, da taimakon sarakuna da hakimai da masu unguwanni, ta san hanyar. A gyara firjin ajiye allura, a mai da masu unguwanni cikin aikin bibiyar kowace haihuwa.

Muna roƙon mai girma Kwamishina ya sa a fitar da jerin asibitocin ƙananan hukumominmu da ke da ungozoma mai kwana, da ranar da za a cike gurbin sauran, a karanta shi a rediyo kafin damina mai zuwa.